Tsohuwar Mota Mai Lambar Casis ta Biyu: A Saya ko A Bari?

A shekarar 2016 wani mutumin jihar Kansas ta Amurka ya biya dala 50,000 ya sayi Chevrolet Corvette ƙirar 1959. Da ya kai ta rajista, jami'an sintirin manyan hanyoyin jihar suka duba ɗan farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar casis, suka ga an taɓa cire shi lokacin da aka yi wa motar kwaskwarima, aka mayar da shi da ribiti maimakon irin sukurun da kamfani ya ɗaure shi da su. Shi ke nan, suka riƙe mota. Babu wanda ya ce mutumin ɓarawo ne, amma dokar jihar a lokacin ta ɗauki irin wannan mota a matsayin haramtaccen kaya da ya cancanci a murƙushe. Sai da majalisar jihar ta gyara dokar a 2022 sannan ya karɓi abarsa, bayan ta shafe shekaru a ajiye tana lalacewa.

Na fara da wannan ne domin duk mai sha'awar tsofaffin motoci, ko yana zaune a Amurka da Ingila ko daga gida yake son a yi masa oda, idonsa kan fenti da ƙarar inji yake fara sauka. Alhali takardar haihuwar mota ita ce lambar casis ɗin nan da Turawa ke kira VIN.

Sai daga 1981 Amurka ta tilasta wa kamfanoni tsari guda: lamba mai gurbi 17, babu I, babu O, babu Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0, gurbi na tara kuma na tantance sahihancin sauran ne. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon, da tsawonsa, da inda yake buga shi. Shi ya sa kamfanonin binciken tarihin mota irin su Carfax ba sa yi maka amfani a kan motar 1965. Idonka da takardu ne kawai za su fisshe ka.

Motar da lambarta ta asali ke nan daram, a faranti da kuma a jikin ƙarfe, ta kuma dace da takarda, ba ta buƙatar dogon bayani. Ita ce mafi tsada, ita ce mafi saurin fita ranar da ka tashi sayarwa. In aljihunka zai ɗauka, ita ce zaɓi.

Inda magana take shi ne motar da hukuma ta ba sabuwar lamba. Dalilan ba duka ne na tsoro ba. Wata an sace ta, ɓarayi suka goge lambar, daga baya 'yan sanda suka gano ta. Wata tsatsa ce ta cinye wurin da lambar take, ko haɗari ya sa mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe. Wata kuma haɗe-haɗe ce, bodin wannan a kan casis ɗin waccan. A irin wannan hali mai motar yakan kai ta ofishin rajistar motoci na jiharsa, a sa jami'i ya bincika, a duba ko tana cikin jerin motocin sata, sannan a manna mata faranti ko tambarin jiha mai sabuwar lamba. A Kalifoniya shuɗi ne, masu harkar ma da launinsa suke kiransa. A Ingila, tun 1983 motar da ake shakkar shekarunta ko asalinta ana ba ta lambar rajista mai farawa da Q, wadda ba a yarda ka sauya ta da lambar gayu ta ƙashin kanka ba, kuma ba kowane kamfanin inshora ke son ta ba.

Ra'ayina a nan a fili yake: wannan mota halal ce, kuma wani lokaci ta fi wadda ake cika baki da ita kwanciyar hankali, domin hukuma ta riga ta ɗora ido a kanta. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ka saya mota ce ta hawa, ba tarihi ba, kuma rangwamen da ka samu yau, shi za ka yi wa mai saye gobe.

Girman asarar ya danganta ne da yawan darajar da ke cikin lambar kanta. Ɗauki Ford Mustang ta 1965. Lambarta gurbi 11 ce, gurbi na biyar shi ke faɗin injin da ta fito da shi daga masana'anta. In T ne, ƙaramin inji ne mai silinda shida da ƙarfin doki 120. In K ne, wannan shi ne babban injin da ake kira 289 mai ƙarfin doki 271, wanda masu tara motoci ke rububi a kansa. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma tazarar kuɗinsu mai faɗi ce. To idan dillali ya ce maka, "Alhaji, wannan asalinta K ce, lambar ce kawai jiha ta sauya," ka tambaye shi me zai nuna. In babu tsohuwar lamba a jikin ƙarfe, babu tsohuwar takarda, to farashin mota mai kyan inji za ka biya, ba farashin K ba. Amma tsohuwar akori-kura ko Volkswagen Beetle da kake so don zagayen yamma da zuwa ɗaurin aure, sabuwar lamba ba ta rage mata daɗin tuƙi ko kaɗan.

Wadda nake gudu ita ce ta uku, kuma ita ce ta fi kyan gani: mota mai faranti fes, kamar na kamfani, wanda babu hukumar da ta san da zamansa. Wani sabo aka bugo masa saboda tsohon ya ɓata. Wani kuma daga matacciyar mota aka ciro shi tare da takardunta, aka liƙa wa wata. Kyan ɗan maciji ke nan. A dokar tarayyar Amurka, cire lambar mota ko sauya ta da gangan laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar, in ban da wasu gyare-gyaren da doka ta yi wa uzuri. A 2014 jami'an tsaron cikin gida na Amurka sun bi gida-gida sun kwashe Land Rover Defender kusan 40, bisa zargin an ɗora musu lambobin tsofaffi don a tsallake dokar da ta ce sai mota ta kai shekara 25 kafin a shigo da ita ba tare da cika ƙa'idojin ƙasar ba. Waɗanda aka ƙwace wa, saye suka yi da kuɗinsu. Tsawon zamani ma ba ya wanke sata: wata Austin-Healey da aka sace a Filadelfiya a 1970, mai ita ya hango ta a shafin cinikin intanet na eBay a 2012, kuma ta koma hannunsa.

Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da tocila, da tsumma, da bakaniken da ya san wannan ƙirar, ko ka biya wanda zai je a madadinka. A Mustang ɗin nan, farantin da ke jikin ƙofar direba ba shi ne shaida ba, don ƙofa ana musanya ta da ta wata motar cikin awa guda. Ka ɗaga bonet, ka duba saman bangon ƙarfen da ke gefen inji ta ɓangaren direba, nan aka buga lambar. Ka goge maiƙon, ka haska daga gefe yadda inuwa za ta faɗa cikin kowane harafi. Ka shafa da yatsa ta sama da ta ƙasa. In ka ji tudun walda ya kewaye wurin kamar an yi faci a riga, ko fentin wurin ya fi na kewayensa kauri, ko wani harafi ya fi 'yan'uwansa zurfi, to akwai magana. A Beetle kuwa, ɗaga kujerar baya za ka yi, lambar tana kan tudun tsakiyar casis, ka gwada ta da farantin da ke gaba bayan safaya. Bodinta da noti aka ɗaure shi, raba shi da casis ba wuya, shi ya sa ake yawan samun biyun sun saɓa.

In lambar hukuma ce, ka nemi takardar da aka bayar da ita: wace jiha, wace shekara, wane dalili. Lambar da ke tambarin ta zama ita ce a takardar mallaka, harafi da harafi. Mai gaskiya yakan ajiye hotunan aikin da rasiɗan kaya, kuma ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya fara cewa ana jiransa da kuɗi a hannu, ka bar wa mai jiran. Kafin ka biya ko sisi, ka kira ofishin rajista na inda za ka zauna da motar, da kamfanin inshora, ka karanta musu lambar, don abin da wata jiha ta amince da shi wata sai ta sake bincike. Akwai kuma rumbunan kamfanoni: Mercedes-Benz na da katin bayanan ƙira na tsofaffin motocinta, motocin Ingila da yawa ana samun takardar shaidarsu a gidan tarihin motoci na Gaydon, Ford kuma daga ƙirar 1967 akwai rahoton kamfanin Marti kan yadda motar ta fito daga masana'anta. Dukkansu da tsohuwar lamba suke aiki, don haka in an san ta, ko da ba ita ce a takarda yanzu ba, ka rubuta ta ka adana.

Mai niyyar kawo ta Najeriya yana da ƙarin aiki. Tun 2022 kwastan ke ƙiyasta harajin mota ta hanyar lambar casis, kuma akwai dokar da ta ƙayyade shekarun motar hannu da ake shigowa da ita. Tsohuwar mota mai gajeriyar lamba, balle wadda wata jihar Amurka ta ƙirƙira mata, ba za ta bi layin da sauran ke bi ba. Ka zauna da wakilin fito mai lasisi, ka nuna masa hoton tambarin da takardar mallaka tun motar tana can, kafin ta shiga kwantena.