Dordogne ko Provence: ina labarin kisa ya fi zama?

Masu rubuta labaran binciken kisa a ƙauyukan Faransa, irin waɗanda ake warware laifi a bakin teburin abinci, yankuna biyu suka fi so.

Provence tana kudu maso gabas, ga rana, ga man zaitun, ga furen labanda da ke rufe gonaki a Yuni da Yuli. Giyarta mai ruwan hoda ce, ga mistral, iska mai ƙarfi da sanyi mai ɗaga hankali. Sai dai baƙi sun yi yawa, kuma laifin yakan koma rigimar gado ko cinikin tsohon gida.

Dordogne, da ke kudu maso yamma, ita ce ta fi kwanta mini a rai. Abincinta mai nauyi ne, agwagwa da aka dafa cikin kitsenta, sai baƙin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, wanda kare ke sansano shi da hunturu. Tsadarsa ta sa manomi ba ya gaya wa ko ɗan'uwansa inda yake tono. A kasuwar garin Sarlat ranar Asabar mai saye kan kai naman kazan hanci kafin a fara ciniki, kuma mai algus yana iya cakuɗa na arha a ciki. Dalilin gaba ke nan, ba sai marubuci ya ƙirƙiro ba. Ga kogon Lascaux mai zane-zanen mutanen zamanin da, wanda samari suka gano a 1940, ga tsoffin ƙulle-ƙullen zamanin mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu tsakanin iyalai, waɗanda ɗan sandan gari ya san su tun daga kakanni.