Dubu 450 ya cinye mini a kan mota, ku yi hattara da wani makanike a Garwa

Jama'a wallahi tun shekaranjiya ban yi barci ba. Dubu 450 na sefa. Dubu 450, kuɗin albasar bana gaba ɗaya.

Motata tsohuwar a-kori-kura ce mai injin 22R na fetur, otomatik, shekara tara tana hannuna, da ita nake ɗaukar albasa tsakanin Garwa da Marwa. Ta fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in na taka ta da kaya a hawa, kuma giya ta huɗu, wato O/D, ta daina shiga, sai inji ya yi ta kuka a kan kwalta yana shan mai.

Ni ba yaro ba ne a harkar mota, bidanj ma, wato canjin baƙin mai, da hannuna nake yi, kar wani ya ce mini sakaci. Makaniken nan a masallaci aka haɗa mu. Ya ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunnensa ya rufe ido, ya jima, sannan ya ɗago ya ce "Alhaji, kusine ya tafi, in ka ƙara kilomita goma injin nan zai fashe." Kusine shi ne beyarin na cikin inji. Har yanzu ina ganin yadda ya rufe idon nan. Ya rufe ido kamar likita, ya dafa kafaɗata ya ce Alhaji ni da kai ai ɗaya ne. Wa zai ƙi yarda?

Dubu 300 na fara tura masa ta Orange Money, a'a, kafin nan sai da ya nuna mini garin ƙarfe a cikin baƙin mai a tasa, ya ce daga motata ya fito, ban ga lokacin da ya zuba man ba, na je sallar la'asar. Sauran dubu 150 a hannu na ba shi, wai ya samo buwat okaziyo, wato giyabos na hannu, daga Duwala saboda matsalar O/D. Sati uku mota tana wurinsa.

Ran da na karɓa inji sai ƙyalli, ashe wanki ne da fenti. Ban wuce Figil ba ƙarar ta dawo, O/D kuma shiru.

Wani dattijo a Marwa ne ya duba. Ya cire wayar buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, ya ce ɗana, da kusine ne da ƙarar mai nauyi ce daga ƙasa, kana jin ta ko mota a tsaye, kuma tana raguwa in an cire wayar silindar da ta lalace. Taka sai a hawa da kaya, wannan wuta ce ke tashi da wuri. Ya tambaye ni wane mai nake sha, na ce zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya. Ya juye shi, muka sa na gidan mai, ya ɗan mayar da delko, mai raba wuta ga buji, baya, ƙara ta ɗauke. O/D kuwa wayar solenoyid, abin da ke shigar da giyar, ce ta tsinke a ƙasa, ya haɗa. Dubu 5 ya karɓa. Dubu 5!

Sai ya ce Alhaji shigo ƙasa ka gani. Kusoshin buwat da tsohuwar laka a kansu, ba a taɓa sa musu sifana ba, ga waldar da na yi da kaina shekara uku da suka wuce tana nan. Buwat ɗina ce. Dubu 450.

Na kira makaniken Garwa ya fi sau talatin, wai ya tafi Kusiri ta'aziyya, yanzu layin ma a kashe. Hoton tura kuɗin da muryoyinsa na WhatsApp duk suna nan, zan sa su da dare in yarona ya dawo, gobe kuma ina komisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Kar ku bar wurin in ana zubar da mai, ku ce a ba ku tsohon kayan da aka cire. Ni ko tsohuwar buwat ɗin ban tambaya ba, ya ce Alhaji ni da kai ɗaya ne na yi shiru.