Agogon nutso: abin da na gani bayan nutso 43 da shi a Bahar Maliya

Ni ɗan tudu ne. Iyakar ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin unguwarmu, wanda ko kusa da shi aka gan ka sai ka sha bulala, sai kuma dam ɗin Tiga da aka taɓa kai mu daga makaranta muka tsaya nesa muna kallo. Aiki ne ya kawo ni Alƙahira. Wani hutu abokan aiki suka ja ni Dahab, can gaɓar Bahar Maliya a yankin Sinai, daga "zo ka gwada sau ɗaya" sai ga ni da takardar shaidar nutso a hannu. Ranar da na faɗa wa Hajiyarmu a waya cewa yanzu tulun iska nake goyawa ina shiga ƙarƙashin teku, shiru ta yi, can ta ce, "To, ka dai sani, ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Abin da nake son yin magana a kai, masu sana'ar suna ce masa kwamfutar nutso, ni kuwa agogo nake kiransa tunda a wuyan hannu yake zama. Da farko haya nake karɓa a shagon da muke ɗaukar kaya, amma kullum wani iri daban za a miƙo min, madannansa daban, rubutunsa daban, sai na ɓata rabin hankalina wajen gane inda lambobi suke. Shi ya sa na runtse ido na sayi nawa, irin na masu koyo, a kan kuɗin da ya kai dala 250. Madanni ɗaya gare shi tal, fuskarsa kuma ta kai faɗin murfin ƙaramin gwangwanin tumatir. Wata goma sha huɗu ke nan muna tare.

Wanda bai taɓa nutso ba zai zaci aikinsa faɗin zurfi da lokaci ne kawai. Yana faɗa, amma ba don wannan ake ba da kuɗi ba. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 79 cikin ɗari naitirojin ce, kuma a nan sarari ba ruwan jiki da ita, yadda ta shiga haka take fita. A ƙarƙashin ruwa labari ya sha bamban. Mita 10 kacal, nauyin da ke danne ka ya ninka na sarari biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, sai naitirojin ɗin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso a hankali za ta fice ta numfashi lafiya lau. In ka yi gaggawa, ka tuna robar kunun zaki da ta kwana cikin zafi ka buɗe ta farat ɗaya. Kumfar da za ta taso haka take tasowa a gaɓoɓi, ko a laka, ko a ƙwaƙwalwa, daga nan sai ɗakin matsin iska na asibiti, irin wanda ke Sharm el-Sheikh, in an yi sa'a an isa da wuri. Aikin agogon shi ne ya riƙa ƙiyasta yawan naitirojin da jikinka ya kwasa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya rubuta maka lamba ɗaya da manyan baƙaƙe: minti nawa ya rage maka a wannan zurfin kafin ya zama dole ka yi zango-zango a hanyar tasowa.

Lissafin ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, shi ya fara fitar da jadawalinsa a 1908, kuma abin da ya ba ni dariya ranar da malaminmu ya faɗa shi ne, da awaki ya yi gwajin. Daga baya Albert Bühlmann na Zurich ya tsara lissafin da ya kasa jikin mutum gida 16, wasu na saurin sha da saurin saki kamar jini, wasu na nawa kamar kitse, agoguna da yawa na yau kuma a kan wannan suke tafiya. Abin lura dai, agogon ba ya auna jininka. Zurfi da lokaci kaɗai yake gani, sauran duk ƙiyasi ne a kan wani mutum na takarda. Bai san ko ka yi barci jiya ba, bai san ko ƙishirwa ta busar da kai ba.

Inda na fara ganin kuɗina shi ne Canyon, wani tsage a cikin dutsen murjani arewa da garin Dahab, wanda gindinsa ya kai wajen mita 30. Jadawalin roba na PADI, ƙungiyar koyar da nutso, da aka koya mana da shi ya ce a mita 30 minti 20 gare ka, a mita 18 minti 56, kuma yana lissafa maka kamar a wuri mafi zurfin ka zauna tun daga shiga har fita. Alhali ba haka ake nutso ba. Minti bakwai muka yi a cikin tsagen, muka fito muka hau mita 18, daga nan 12, muna bin gefen murjani muna kallon kifaye. Ina kallon lambar: a ƙasa ta sauko har 9, da muka hau sai ta koma 30 da wani abu, can ta tsaya a 99. Minti 48 na yi a ruwa, kuma iskar tuluna ce ta kore ni da ta kusa ƙarewa, ma'auninta ya doshi bar 50, ba naitirojin ba.

Abu na biyu da ya gyara min shi ne tasowa. Sabon shiga in ya ga hasken sama sai ransa ya riga shi fita. Agogon yana da wasu sanduna a gefen fuska da ke cika in ka wuce kamar mita 10 a minti ɗaya, su cika sai ya fara tsuwa. Satin farko kusan kullum sai ya tsawata min, har abokin nutsona ya riƙa yi min alamar tsohuwa mai dogara sanda. Yanzu ko ban duba ba jikina ya san saurin. A mita 5 kuma da kansa yake fara ƙirga minti ukun da ake tsayawa don naitirojin ta ragu kafin a fito, ba sai na dinga leƙen hannun jagora ba.

Yanzu ga inda muke faɗa da shi. Madanni ɗayan nan jarrabawa ce. Danna gajere ka wuce, danna dogo ka shiga, in ka kuskure ka wuce abin da kake nema ba komawa baya, sai ka zagaye duk jerin ka dawo, kamar mai adaidaita da ya wuce shataletale. A ɗaki da shayi a gaba ba komai ba ne, amma a kan jirgin ruwa yana tangaɗi, jagora na ta "yalla, yalla", sai ka ji kamar ka jefa shi teku. Fitilarsa ma ba ta da kirki. Nutson dare da muka yi a Lighthouse, wani wurin nutso a Dahab, sai da na riƙa haska shi da tocila kafin in karanta. Tsuwar kuwa, in ka sa hular roba lokacin sanyi, wani lokaci ba ka ji sam.

Babban ƙorafina ya zo ne a Thistlegorm, jirgin ruwan dakon kayan Ingila da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, yana kwance a wajen mita 30 da babura da motoci jere a cikinsa har yau. Nutso biyu ake yi a rana ɗaya: na farko a zagaya jikin jirgin, a huta, na biyu a shiga rumbunan kaya. A na biyun, muna tsakiyar kallon baburan, na duba hannuna na ga minti 4. Na nuna wa abokina, ya juyo min da nasa, wani iri ne daban: 13. Tare muka shiga, tare muka fita da safe, zurfi ɗaya, hutu ɗaya. Ƙa'ida ita ce a bi agogon da ya fi tsauri, don haka muka bar rumbun muka kama igiya muka hau, shi yana harara ta cikin gilashi. Wuni guda na tafiya da kuɗin jirgi masu yawa, aka datse min shi saboda agogona matsoraci ne a nutso na biyu da na uku. Ana iya ƙara masa tsauri a saiti, amma ba a iya sassauta shi.

Maganin da na samu shi ne naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32, naitirojin ta ragu, lokaci ya ƙaru, da sharaɗin kada ka wuce kamar mita 33. Agogon yana karɓar wannan saitin, kuma a nan na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na yi kwana biyu da naitroks, rana ta uku na ɗauki tulun iska zalla, na manta ban mayar da saitin oksijin kashi 21 na iska zalla ba. Ashe shi ba ya mayarwa da kansa. Yana ta ba ni mintuna a yalwace a kan iskar da ba ita nake shaƙa ba. Allah ya taimake ni nutson bai wuce mita 14 ba. Laifina ne, ban musa ba, amma lambar 32 ɗin ƙarama ce ƙwarai a can kusurwa, ya kamata a ce tana tsole ido. Tun daga ranar, kafin in sa ƙafa a ruwa sai na duba ta, kamar yadda direba ke duba mai.

Akwai kuma ranar da ya haɗa ni da Ustaz, wani abokina Bazazzagi da ke karatu a Azhar. Ya biyo ni Dahab musamman don mu hau Dutsen Sina, inda ake cewa nan Annabi Musa (AS) ya yi munajati. Motar masu hawa da daddare take tashi don a riski fitowar rana a ƙololuwa. Ni kuwa da la'asar na fito daga nutso na biyu, ga hoton ɗan jirgin sama a fuskar agogo da awanni sama da ashirin a gefensa, wato kada in hau jirgin sama sai sun cika. Na ce masa ba zan je ba.

"Haba Malam, jirgi ya ce maka, mu kuwa mota za mu shiga."

Na ce, "Ustaz, ba jirgin ne matsalar ba, tudun ne. Garin da ke gindin dutsen kansa ya haura mita 1,500, ƙololuwar 2,285. Can sama iska ba ta da nauyi, abin da ya rage a jinina zai iya tasowa."

"Yanzu agogo ne zai ba ka fatawa?"

Haka ya tafi shi kaɗai yana mita, na kwana ina jin haushin kaina da na agogon duka. Shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce kafin a hau jirgin sama a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, shi kuwa nawa ya fi son ya ja ta zuwa 24. Dawowata ta gaba sai na juya tsarin, na fara da dutsen ranar da na sauka, nutso ya biyo baya.

Batirinsa irin mai kama da kwabo ne, ana canzawa a gida. Nawa ya nuna alamar rauni a nutso na 38, na sayi sabo tare da zoben robar da ke hana ruwa shiga, don in ka buɗe ka mayar da tsohon zobe kai ka jiyo. Yana ajiye tarihin nutso, amma igiyar da za ta kai shi kwamfuta daban ake sayar da ita, kuɗinta kuma ya sa na haƙura na ci gaba da kwafewa a littafi da biro. Maɗaurinsa dogo ne don ya zagaye hannun rigar roba, a fatar hannu kuwa sai jela ta yi ta reto. Sau ɗaya na gwada ɗaura shi zuwa masallacin Juma'a, hannun kaftani ya ƙi rufe shi, wani dattijo Bamisre a sahu ya yi ta kallona yana zaton na'urar awon hawan jini ce.

In ƙanena ya ce zai fara nutso gobe, irinsa zan ce ya saya, ko na hannu ne, muddin an gwada shi a ruwa. Wanda ke nutso uku huɗu a rana a jirgin kwana kuwa, ya ƙara kuɗi ya nemi mai madanni uku ko huɗu, mai fuska mai haske, wanda ake iya daidaita tsaurinsa. Ni ma na fara tari. Wannan dai bayan kowace tafiya ina jiƙa shi a ruwan famfo gishiri ya fita, in shanya shi a inuwa, in mayar da shi aljihun jakar tare da littafin, sai kuma watan Oktoba da muka sa ranar komawa Thistlegorm, wannan karon da naitroks tun daga nutson farko.