Taurari Uku ko Cikakkiyar Tawaga? Amsa ga Mai Shirin Shiga Fantasin Besbol

Malam, ka ce abokan aikinka a can Amurka sun gayyace ka gasar fantasi ta besbol, wato wasan da mutum ke haɗa tawagarsa a takarda daga 'yan wasa na gaske ana ba shi maki gwargwadon abin da suka yi a fili, an ba kowa dala 260 na lissafi ya sayi 'yan wasa 23 a gwanjo. Tambayarka ita ce: ka zuba kuɗin a kan manyan taurari biyu ko uku ka cike sauran gurabe da masu araha, ko ka raba su daidai wa daida? Ka kuma ƙara da cewa wani dattijo a ofis ya ce maka wannan wasa yana koya wa mutum zaman duniya, kana son jin ko da gaskiya a ciki.

Kafin komai ka tambaye su wane irin lissafi gasar ke bi, domin amsar a nan take. Mu da muka saba da fantasin Firimiya ta Ingila mun san tsari ɗaya ne: fam miliyan 100, 'yan wasa 15, duk abin da ɗan wasa ya yi sai ya koma maki a zuba a buhu guda. Ƙwallon da ɗan gaba ya ci tana iya rufe ɓarnar da mai tsaron gida ya yi. Besbol ma tana da irin wannan. Amma tsohon tsarinta, wanda ake kira roto, dabam yake. Daniel Okrent da abokansa ne suka kafa shi a 1980 a wani gidan abinci na birnin New York mai suna La Rotisserie Française, daga nan sunan ya fito, kuma dala 260 da 'yan wasa 23 ɗin nan daga tsarin roto aka gaje su. Ganin an ba ku waɗannan alƙaluma, zatona roto ne.

A roto na yau ana auna tawagarka a ɓangarori goma, biyar na masu bugu, biyar na masu jifa. Na masu bugu su ne matsakaicin bugu, wato kason gwajin da bugunsa ya yi nasara, hom ron, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katanga, zagayen da ɗan wasa ya kammala, abokan da ya kawo gida da bugunsa, da satar zango, wato rugawa daga wannan matsaya ta fili zuwa ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. Na masu jifa kuma: yawan nasara, tsare nasara a ƙarshen wasa, fitar da mai bugu da jifa, matsakaicin makin da aka ci a hannunsa, da matsakaicin waɗanda ya bari suka hau zango, a biyun nan na ƙarshe mai ƙaranci ne ke gaba. Idan ku goma sha biyu ne, na ɗaya a kowane ɓangare ya sami maki 12, na ƙarshe maki 1.

To ga inda tsarin biyu suka rabu. Ka ɗauki mai taurari, ya zo na ɗaya a ɓangarori biyar, na ƙarshe a sauran biyar. Makinsa 60 da 5, wato 65. Ka ɗauki wanda bai zo na ɗaya a ko'ina ba, amma yana na huɗu a duka goma. Kowane ɓangare maki 9, jimilla 90. Kuma abin da ya fi ciwo ga na farko, ko ya tsere wa na biyu da hom ron 80, makin nan 12 ne, daidai da wanda ya tsere da guda ɗaya. Rarar ba ta tsallakawa ta cike gurbin satar zangon da ya rasa.

Ka yi lissafin gwanjon ma. In ka sayi mutum uku a kan dala 50 kowanne, 150 ta tafi. Saura 110 ga mutum 20, wato kusan dala biyar da rabi kowane ɗaya. Ka jingina kakar wasa mai wasanni 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, a kan gwiwoyi da gwiwar hannun mutum uku ke nan. Shekarar 2024 ta nuna abin da hakan ke nufi. Ronald Acuña na Atlanta Braves ya buga hom ron 41 ya saci zango 73 a 2023, don haka da kaka ta zagayo kusan ko'ina shi ne mafi tsada. A watan Mayu jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare da wasa 49. Abokin wasansa Spencer Strider, wanda ya fitar da masu bugu 281 a 2023, sau biyu kacal ya fara wasa kafin a yi masa tiyata a gwiwar hannu. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun ya kashe musu kaso mai tsoka na kuɗinsa, tun watan Yuni ya san ba shi da sauran gasa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ƙarfin ɗaya tsarin ba, yana da shi sosai. A shekarar nan ta 2024 Shohei Ohtani ya buga hom ron 54 ya saci zango 59, abin da ba wanda ya taɓa yi. Irin wannan mutum daidaito ne a jiki ɗaya, yana cike ɓangarori biyar daga gurbi guda. Sannan in gasarku ƙarama ce, mutum takwas ko goma suna zaɓe daga ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol, 'yan wasa masu kyau za su rage a kasuwa ba mai su, kana iya ɗauka kyauta a tsakiyar kaka. A nan sayen taurari dabara ce mai kyau. In kuwa ku 15 ne, kasuwa za ta bushe, wanda ya ji rauni ba ka da madadinsa.

Akwai kuskuren da sababbi ke yi: su ɗauka daidaito shi ne kowane ɗan wasa ya zama matsakaici. A'a, tawaga ce ake so ta daidaita. A 2023 Kyle Schwarber ya buga hom ron 47 amma matsakaicin bugunsa .197, wanda zai ja ka ƙasa. A shekarar Luis Arraez ya buga .354, sai dai ba shi da ƙarfin fitar da ƙwallo waje. Esteury Ruiz ya saci zango 67 da hom ron biyar kawai. Kowannensu shi kaɗai gurgu ne ta wata fuska. Ka haɗa su uku, ka sami abin da ya kusa tauraro a farashi mai sauƙi. Manomin ƙasarmu ya daɗe da sanin wannan: gero, dawa da wake a gona ɗaya, in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta ji daɗi, wake kuma yana gyara ƙasar.

Game da maganar dattijonku, na yarda da shi, amma da sharaɗi. Yawancinmu muna tafiyar da rayuwa kamar fantasin Firimiya, muna zaton komai buhu ɗaya yake shiga, in kuɗi sun yi yawa za su biya bashin barci, da zumunci, da zaman da ba a yi da yara ba. Ni a ganina rayuwa ta fi kama da roto. Wanda ke yin aiki biyu a ƙasar waje yana turo kuɗi gida kowane wata, amma sai ya yi wata uku bai kira mahaifiyarsa ba, ya tsere wa kowa a ɓangare ɗaya ne, rarar kuma ba ta isa inda ake buƙatarta. Ita muryarsa take jira, kuma ba a aiko ta ta banki. Wannan abin yana damuna ƙwarai, don na ga yadda yake cin mutanen kirki ba su sani ba, suna ganin sadaukarwa suke yi.

Sharaɗin shi ne kwatancen yana da iyaka ta fuska biyu. A gasar da ake karawa mutum da mutum kowane mako, wasu kan saki ɓangare ɗaya da gangan, misali tsare nasara, su ƙarfafa sauran tara, kuma yana yi musu aiki. A rayuwa ma akwai lokacin haka: shekarar jarrabawa, watannin jinyar mahaifi, farkon kafa sana'a. Taura biyu ba ta taunuwa, dole wani abu ya jira. Bambancin shi ne mai dabara ya san abin da ya saki da ranar da zai koma kansa. Ta ɗaya fuskar, a fantasi duk wanda ya zo na ƙarshe, watan Maris na zuwa za a ba shi sabuwar dala 260 kamar kowa. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi shekara biyar ba ya sake sabon gwanjo, haka yaron da ya girma ba ka nan.

Shi kansa wasan ka sa masa linzami. Besbol kusan kullum ake buga ta har wata shida, ba kamar Firimiya mai wasa 38 ba. In ana canza 'yan wasa kowace rana a gasarku, za ta riƙa jan hannunka zuwa waya har a wurin cin abinci. In da zaɓi, ka nemi ta mako-mako. Ka kuma tabbatar ba a zuba kuɗin gaske wanda ya ci ya kwashe, don wannan ya shiga caca.

Ga abin da zan yi a matsayinka, a shekarar farko cikin gasar mutum goma sha biyu. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin ga masu bugu, kamar dala 175, sauran ga masu jifa, don su sun fi saurin rauni. Tauraro ɗaya mai taɓa ɓangarori biyar, kada ya wuce dala 45. Bayansa sai mutum bakwai ko takwas tsakanin dala 15 da 25. Ka zana gida goma a takarda kafin a fara, ɗaya ga kowane ɓangare, duk wanda ka saya ka rubuta abin da ya ƙara a kowane gida, kuma in hom ron ya cika ka daina ɗaga hannu ko da sunan ya burge ka. Ka ajiye kamar dala 15 zuwa ƙarshen gwanjo, lokacin da aljihun sauran ya ƙare, masu satar zango da masu tsare nasara suna fita da dala biyu ko uku.