Landan ko gidan mai ƙasa a ƙauye, ina za a tsinci gawar?

'Yar uwa mai tambaya, kin ce kina so ki rubuta labarin kisa da bincike a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, amma mai ban dariya, ba irin mai sa tsigar jiki ta tashi ba, kuma kin rasa inda za ki ajiye shi tsakanin birnin Landan da irin katon gidan nan na masu ƙasa a ƙauye. Toh ni dai ƙauyen zan ce, amma bari in ba Landan haƙƙinta tukuna don kar a ce na yi son kai.

Abu na farko ki tsayar da shekara, don Biktoriya ta hau mulki 1837 ta rasu 1901, shekara sittin da uku da ɗoriya kenan, kuma Ingilar farkon mulkinta da ta ƙarshe kamar ba ƙasa ɗaya ba. Wannan ya fi damun mai rubuta Landan. 'Yan sandan birnin an kafa su 1829, sashen masu bincike na farin kaya sai 1842 kuma mutum takwas ne kacal a farko, sannan a 1877 aka gurfanar da wasu manyansu kan karɓar cin hanci daga 'yan damfarar tseren doki, shi ya sa aka sake fasalin sashen a 1878. Jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa ya fara 1863. Kinga in kika sa jaruminki ya shige shi a 1855 mai karatun da ya sani zai ajiye littafin ne kawai.

Abin da Landan za ta ba ki shi ne motsi. Keken doki na haya a kowace kwana, fitilun gas, hazon hayaƙin kwal da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, wayar tangaraho, ga gidan waya da ke raba wasiƙu sau da yawa a yini har mutum ya aika da safe ya samu amsa kafin la'asar. Mai laifi zai iya ɓacewa cikin miliyoyin mutane, mai bincike ya yi ta bin sa daga kulob ɗin manya zuwa bakin kogin Thames. Akwai ma abin dariya na gaske, kamar bazarar 1858 da kogin ya yi ɗoyi saboda ƙazantar gari har 'yan majalisa suka rinƙa jiƙa labulen tagoginsu da sinadari don su iya zama. Sai dai matsaloli biyu. Na ɗaya, tun da Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na littattafan ƙagaggun labarai, ya fito a 1887 duk wanda ya sa mai bincike a titin Landan da shi za a auna shi, ko yana so ko ba ya so. Na biyu kuma shi ya fi nauyi, duhun Landan na gaske ne. Unguwa irin Whitechapel inda aka yi ta kashe mata a 1888 ba a kama kowa ba, talauci ne zalla, mutane na biyan kuɗin gado na dare ɗaya, in babu su kwana a titi. Wlh da wuya ki yi barkwanci a nan bai zama kina yi wa talaka dariya ba, kuma mai karatu yana jin hakan ko bai faɗa ba.

Gidan ƙauye kuwa dariyar tana cikin ginin kansa, ba sai kin nemo ta ba. Gida ɗaya amma duniya biyu, masu gida a sama barori a ƙasa, har matattakalar bene daban take, ga jerin ƙararrawa a jikin bangon ƙasa kowace da sunan ɗakin da ake kira. Yarinyar da ke kai ruwan zafi da kwal tun asuba ta shiga kowane ɗaki, ta san gadon da ba a kwana a kai ba, ta ga takardar da aka ƙona a murhu rabi bai cinye ba, amma ba wanda zai tambaye ta don a wurinsu ita da kujera ɗaya ne. Mata masu aikatau a lokacin sun haura miliyan a Ingila, don haka ba wani abu ba ne na ƙirƙira. Ki ba wannan yarinyar ko kuku wayon, ki ba sufeto gashin baki da ciki, rabin littafin ya rubuta kansa.

Sannan ga matsalar ɗan sandan. Ƙananan hukumomin karkara ba a tilasta musu kafa 'yan sanda ba sai 1856, kuma wanda aka ɗauka yawanci ɗan talakawa ne, shi kuma mai gidan sau da yawa shi ne alƙalin yankin. Ta ƙofar baya ɗan sandan zai shigo, hula a hannu, ya za a yi ya kalli uwargida ya ce ina kike ƙarfe sha ɗayan dare. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, ki ɗauka an tura kurtu gidan hakimi ya binciki uwargidan, gaisuwa kaɗai za ta cinye masa yini. Wannan ya faru da gaske a 1860 a wani gida da ake kira Road Hill, an kashe yaro ɗan shekara uku cikin dare kuma alamu duk na nuna ɗan gida ne. 'Yan sanda biyu da aka turo su kwana a gidan, mai gidan ya kulle su a kicin. Da Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, suka turo Sufeto Whicher ya zargi 'yar gidan Constance mai shekara 16 saboda wata rigar barcinta da ta ɓata, jaridu suka yi masa ca wai ƙasƙantacce ya ci mutuncin 'yar manya, aikinsa ya lalace, sai a 1865 ita da kanta ta amsa laifin. Labarin kansa ba na dariya ba ne sam, amma kinga yadda girma ke ɗaure hannun bincike, wannan shi za ki ɗauka. Ke dai gawar labarinki ta zama ta tsohon marowaci wanda kowa a gidan ke da dalilin jin sanyi a ransa.

Dalilin kisa ma ya fi sauƙin samu a ƙauye. Ƙasa babban ɗa ke gada, ƙannen a tura su soja ko coci, 'yan matan a nema musu miji mai abin hannu. Matar aure kafin dokokin 1870 da 1882 kusan duk abin da ta mallaka na miji ne. Bazawara mai takaba za ta sha baƙaƙen kaya wajen shekara biyu, to ki kwatanta wadda ke kuka da ido ɗaya tana lissafin kuɗin tela da ɗayan. Ki tara su duka a falo lauya na karanta wasiyya, an buga ƙararrawar cin abinci dole kowa ya je ya sake kaya ko da gawa na kwance a ɗakin karatu.

Wajen makami kuwa Landan da ƙauye kunnen doki suka yi, don gubar asenik tana ko'ina, a maganin ɓera, a takardar kama ƙuda, har a koren fentin takardar da ake manna wa bango. Gwajin gano shi a jikin gawa ya samu tun 1836, dokar 1851 kuma ta ce mai saye ya sa hannu a littafin mai shago kuma a gauraya garin da baƙin toka ko shuni don kar ya saje da fulawa. A Landan wannan littafin ba zai taimaki mai bincike sosai ba, shaguna sun yi yawa. A ƙauye shago ɗaya ne, mai shagon ya san kowa, kuma zai fi daɗi in aka buɗe littafin aka tarar mutum biyar daga gida ɗaya sun saya a wata guda, kowa ya ce ɓera.

Wani abu da nake so ki yi amfani da shi, agogo. Sai 1880 doka ta haɗa ƙasar kan lokaci ɗaya, kafin nan jirgin ƙasa na bin lokacin Landan wasu garuruwa na bin nasu na rana, Bristol ma minti goma take baya. Shaida biyu su rantse kan lokaci daban kuma duk gaskiya suka faɗa, ɗaya agogon coci ya duba ɗaya na tasha. Zaman binciken musabbabin mutuwa kuma a ƙauye sau da yawa a mashaya ake yinsa don ita ce mai babban ɗaki, masu taya alƙali hukunci manoma ne da mahauci.

Abin da kar ki saka ko a ina, zanen yatsu a matsayin hujjar 'yan sanda, Scotland Yard ba su buɗe wannan sashen ba sai 1901, gwajin bambance jinin mutum da na dabba ma shekarar ya fito. In kuma ranki na son Landan dole, ki ɗauko sufeton daga can a jirgin safe, ya sauka a tasha ba wanda ya zo tarbarsa sai keken ɗaukar madara.