Maikiroskof don gishirin tsauni: mai haske ɗaya ko mai haske biyu?

Malam, ka tambaya wane maikiroskof ya fi don duba gishirin tsauni. In dai don gutsattsarin gishirin mahaƙar Altaussee ta Ostiriya za ka saya, ɗauki mai haske biyu, na ƙasa da na sama, ko da ta hannu ce. Sabuwa mai hasken ƙasa kaɗai kuwa, bar wa mai shago abarsa.

Gishiri zalla, wato halait, ba ya raba haske gida biyu kamar yawancin ma'adanai. Da ka gicciye folaraiza, wato matatan haske biyu na maikiroskof, sai ya yi baƙi ƙirin, ko ka wuni kana juya farantin da ake ɗora samfur a kai. Ba a hana wa mai hasken ƙasa haƙƙinta: za ta nuna maka sauran ma'adanan da ke cakuɗe da gishirin, wato launukan anhaidirait masu ƙyalli, da launin toka-toka na jifsum, da jajayen zaruruwan folihalait. Iyakarta ke nan.

Shi kuwa gishirin nan ya kwanta tun ƙarshen zamanin Famiyan, sama da shekara miliyan 250, sannan tasowar tsaunukan Alps ta matse shi, ta cakuɗa shi da ɓaraguzan dutsen laka. Tabon wannan matsi a cikin ƙwayar halait yake, kuma hasken sama ne kaɗai ke fito da shi. Tsohuwar maikiroskof ƙirar kamfanin Leitz da ke ɗakin gwajinmu ta girmi yawancin ɗalibai, amma ko a lens mai ninki 5 tana fito da wannan tabo tas.

Ga yadda za ka shirya samfurin: yanka dutsen a bushe ko da ɗan mai, kada ruwa ya taɓa shi. Manna shi a gilashi da gam ɗin ifoksi mai daskarewa ba wuta, don zafi na kore ruwan jikin jifsum ya ɓata maka ƙirarsa. Kada ka sirance shi har kaurin maikiron 30 irin na sauran duwatsu (maikiron 1,000 ne milimita 1). Bar shi kusan milimita 1. Goge fuskar da samfefa daga mai kaushi zuwa mafi laushi, ka tsoma ta kamar daƙiƙa 10 a ruwan gishirin da saura kaɗan ya ƙoshi, wajen mola 5.5 a ma'aunin yawan gishiri a ruwa, nan take ka fesa mata hegzen, wani sinadari mai saurin bushewa da ba ya narkar da gishiri, ka busar. Ka yi nawa wajen fesawar, gishirin ya sake ƙanƙarewa a kai ya rufe komai. Laimar iska in ta kai kashi 75 cikin 100 gishiri jiƙewa yake, saboda haka da damina sai ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Hunturu ya fi.

A cikin tsofaffin ƙwayoyi za ka ga ƙananan gidaje kamar saƙar zuma. Girmansu ke faɗa maka ƙarfin matsin: in ya yi yawa sai su ƙanƙance, kuma faɗin maikiron 200 na nufin kusan megafaskal 1 a ma'aunin matsi. Ƙwayar da ka gani fes ba gidaje, bakinta ya kutsa cikin maƙwabciyarta, sabuwa ce da ta ci tsohuwa da taimakon siririn ruwan gishirin da ke tsakaninsu. Kada ka sa ta a lissafi.

Sai ka yi hattara da dillalai. Wasu maikiroskof ɗin asibiti suke liƙa wa ledar folaraiza biyu su ce na duwatsu ne. Farantin ya zama mai juyawa digiri 360. Gicciye folaraiza ba komai a kan faranti: in filin da kake gani bai yi duhu ba, ko dai folaraizar ta lalace ko lens ɗin na da matsala. Nemi alamar P ko POL a jikin lens. Lens mai lambar 0.17 na samfur mai murfin gilashi ne, zai yi dishi-dishi a babban ninki, don fuskar gishirinka a buɗe take. Nemi mai 0. Kuma kada ka biya sai an kunna fitilar saman a gabanka.