Wasiƙa Daga Nottingham Kan 'Yan Sojojin Roba da Tsadarsu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda ka ce tun da yaron nan ya ga hoton 'yan sojojin da na turo ya hana kowa sakat, har ka nemi in sayo masa kwali ɗaya in ba mai zuwa gida. Na ga ya dace in yi maka bayani kafin in taɓa aljihu, domin abin da ka gani a hoton wasa ne na manya masu gemu da furfura, kuma farashinsa ya zama abin ƙorafi a bakin masu yin sa a ƙasar nan.

Wani abokin aikina ne ya fara kai ni inda suke taruwa da yamma, a wani ɗakin taro na unguwa da suke haya. Na tarar da tebura an shimfiɗa musu kyalle mai zanen fili, an dasa 'yan gine-gine da duwatsu na kwali, mutum biyu-biyu suna tsaye kowa da rundunarsa, suna auna tazara da tef irin na kafinta, suna jefa dayis irin na ludo har ashirin a lokaci guda. Kowane soja tsawonsa bai wuce santimita 3 ko 4 ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba a sayar da su a haɗe. In ka buɗe kwali, gutsattsarin roba ruwan toka za ka gani maƙale a jikin firam, kai daban, hannu daban, bindiga daban, sai ka yanke su da ɗan almakashi, ka kankare, ka liƙa da gam, ka fesa fentin farko, sannan ka zauna da buroshi mai tsinin allura kana shafa launi bayan launi. Na gwada guda ɗaya, kuma sai da na cinye dare biyu a kansa, duk da haka idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ka lura da wannan wahalar, domin ita ce tushen ɓacin ran da zan ba ka labari.

Babban kamfanin wannan harka shi ne Games Workshop, kuma hedikwatarsa da masana'antarsa suna nan unguwar Lenton a garin da nake zaune. Abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975, wato John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, kuma da allunan katako na wasannin gargajiya suka fara, ciki har da wani wasan Turawa da ake jera uku kamar dararmu. Sun buɗe shagonsu na farko a Hammersmith a 1978, suka fitar da wasan Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987, wanda shi ne ya fi kawo musu kuɗi har yau.

Ta fuskar hidima dole in yaba musu. Ranar da na fara leƙa shagonsu, mai tsaron ya zaunar da ni, ya ba ni soja ɗaya kyauta, ya koya mini yadda ake riƙe buroshi, kuma na fita ban sayi komai ba bai ɓata fuska ba. Masu wasan sun shaida mini cewa in ka tarar da wani ɓangare ya ɓace a kwali, ana aiko maka da madadinsa ba tare da rantse-rantse ba, abin da ya tuna mini da rasiɗan shagunanmu masu rubutun cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Sai dai a nan babu tayi, babu albarka, babu gyara. Abin da aka rubuta a jikin kwali shi za ka biya, ko da shekara ashirin ka yi kana ciniki a shagon, alhali a Kantin Kwari tsohon mai ciniki yana da farashinsa daban da na baƙo.

Kwali mai sojoji 10 yana kai wa wajen fam 40, kwamanda guda ɗaya tilo yana iya haura fam 25, kwalin fara wasa kuwa wajen fam 100 ne, kuma ba a sa kuɗin fenti da gam da littafin dokoki ba. In ka lissafa fam ɗaya a kan wajen naira 2,000, za ka ga sojoji goman nan sun tasar wa naira 80,000. Ko ga ɗan ƙasa ma abin da nauyi, domin mafi ƙarancin albashin babban ma'aikaci a watan Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ɗaya, wato sai ya yi aikin sama da awa uku kafin ya mallaki wannan kwalin, kuma rundunar da za a yi cikakken wasa da ita tana cin ɗaruruwan fam. Kusan kowace shekara ana sanar da ƙarin farashi, sai intanet ta cika da masu rantsuwar sun bar wasan, sannan in sabon kaya ya fito ka ga wasunsu a sahun gaba. Sabo turken wawa, in ji mutanenmu, kuma su ma suna yi wa kansu wannan dariyar.

Amma na lura tsadar ba ita ta fi ƙona musu rai ba. Dokokin wasan mallakin kamfani ne, kuma yana sabunta su duk bayan kamar shekara uku: an fitar da sabon bugun Warhammer 40,000 a 2017, aka sake a 2020, aka kuma sake a 2023. Duk lokacin da aka yi haka, littattafan da mutum ya saya sukan tashi daga aiki, sojan da yake da ƙarfi jiya ya koma rago, wani kuma a cire shi daga jerin waɗanda aka yarda a shiga gasa da su. Wanda ya sayi riga ta tsufa, ya san ya more ta. Wanda ya shafe watanni yana fentin runduna da hannunsa, har matarsa ta gaji da ganin kwalaben fenti a teburin cin abinci, aka wayi gari aka ce rundunar ta zama tarihi, kuɗinsa da lokacinsa ne suka tafi tare, alhali robar tana nan garau ko ƙwarzane babu. Mafi girman misali ya faru a 2015, lokacin da kamfanin ya rufe tsohon wasan Warhammer da aka shekara sama da talatin ana yi, ya maye gurbinsa da wani mai suna Age of Sigmar. Haushin ya kai wani mutum ya cinna wa rundunarsa wuta ya sa bidiyon a YouTube. Abin dariya da takaici shi ne a farkon 2024 kamfanin ya dawo da tsohon wasan da sunan The Old World, har da wasu tsofaffin sojojin da aka daina yi, sai masu wasan da suka rabu da nasu da araha suka koma saye.

Masu ƙorafin suna danganta wannan duka da cewa kamfanin ya daɗe da barin hannun masu sha'awar wasa ya koma hannun masu zuba jari. An sa shi a kasuwar hannayen jari ta Landan a 1994, kuma a watan Disambar 2024 ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni ɗari na wannan kasuwa, a watan da ya kammala yarjejeniya da Amazon kan shirya fina-finai. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a tsakiyar 2025 ya yi cinikin sama da fam miliyan 600, ribarsa kafin haraji ta haura fam miliyan 260. Ɗan kasuwa irinka ya san abin da ake nufi in riba ta wuce kashi 40 cikin ɗari na ciniki, kuma wannan lissafin ne masu wasan suke ɗagawa duk lokacin da aka ce musu tsadar kayan aiki ce ta jawo ƙari. Sun kuma riƙe abin da ya faru a 2021, lokacin da kamfanin ya tsaurara doka a kan magoya bayan da suke shirya zanen bidiyo mai motsi na labaran wasan kyauta, daidai lokacin da yake buɗe tasharsa ta biyan kuɗi mai suna Warhammer+.

A nawa ganin ƙorafin yana da tushe, amma akwai abin da masu yin sa suke tsallakewa. Kamfanin yana ƙera sojojinsa a nan Nottingham da ma'aikatan ƙasar, a zamanin da akasarin kayan wasa daga Sin suke zuwa, yana kuma raba wa ma'aikatansa wani kaso na riba, kuma ƙirar sojojin yanzu ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne, babu wanda aka tilasta wa saye.

Waɗanda suka gaji kuwa sun samo hanyoyi. Shagunan da ba na kamfanin ba suna rage kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kasuwar gwanjo a shafin intanet na eBay tana ci sosai, kuma a garin nan akwai kamfanoni irin su Warlord Games da Mantic Games, waɗanda tsofaffin ma'aikatan Games Workshop suka kafa, suna sayar da nasu sojojin da rahusa. Wasu sun sayi na'urar da take ƙera abu da jikinsa daga zanen kwamfuta, suna fitar da runduna a ɗakin girki, ko da yake ba a yarda a shiga da irin waɗannan a gasar kamfanin ba. Ni kaina na bi araha na sha, domin na sayi wasu daga wani mai sayarwa a intanet da ya rantse na asali ne, da suka iso sai na ga jabu ne, takubbansu a lanƙwashe, jikinsu duk ƙananan ramuka, suna warin sinadari, kuma da na nemi kuɗina sai ya ɓace.

A daren da aka fara kai ni wurin, ina kallonsu suna buɗe littafi suna gardama kan dokar da aka sauya, sai na tuna dattawan ƙofar gidanmu da suke tona gurbi talatin a ƙasa, wannan da tsakuwa goma sha biyu, wancan da karare goma sha biyu, da dokokin da suka gada kuma babu ofishin da zai aiko da sanarwar an soke su. Na koya wa abokin aikin nawa dara a bayan kwalin taliya, ya tambaye ni wane kamfani ne yake da ita, na rasa amsar da zan ba shi.

Saboda haka, Yaya, ba zan sayi sabon kwali ba. Na samu sojoji biyar na gwanjo masu kyau a wurin wani daga cikin masu wasan, zan haɗa da fenti kala shida da buroshi biyu in ba mai tahowa bayan sallah. Ka gaya wa yaron ya riƙa rufe kwalaben da kyau, domin fentin na ruwa ne kuma zafin Kano zai busar da shi cikin 'yan kwanaki, sannan a ɓoye su daga ƙanwarsa kada ta sa a baki. A gaishe mini da Inna da dukan mutanen gida.

Wassalam,
Ƙaninka.